Na sauke fayil daga menfirem ya zo mini kamar rubutun aljanu: wa ya taɓa shan wannan?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum jama'a. Wata huɗu ke nan da na fara aiki da wani kamfanin inshora a Amurka, kuma duk bayanansu na kan menfirem, wato babbar kwamfutar IBM, mai aiki da manhajar z/OS. Shekaranjiya shugabana ya ce in sauke kundin biyan kuɗi na wata guda zuwa laftof ɗina, in buɗe a Excel. Na shiga FTP, hanyar jan fayil daga wata kwamfuta, na ja shi a yanayin rubutu. Sunaye da adireshi sun fito lafiya lau, amma wurin kuɗi sai tarkace, wasu layukan ma sun karye gida biyu. Na sake ja da binary, wato ba tare da fassara ba, wannan karon ko sunayen ba sa karantuwa, sai alamar @ birjik ko'ina. Kunya ta hana ni komawa wurinsa. Duk wanda ya taɓa shan irin wannan, don Allah ya faɗi yadda ta kaya da shi.

Baba_COBOL:
Wa alaikumus salam ɗana. Kwantar da hankalinka, babu wanda bai sha wannan ba. Waɗancan @ ɗin da ka gani ba ɓarna ba ce, sarari ne kawai. Menfirem na rubutu da tsarin lambobin haruffa na EBCDIC tun zamanin System/360 na 1964, laftof ɗinka kuwa tsarin ASCII ya sani. A EBCDIC sarari shi ne 40 a lissafin heksa, a ASCII kuma 40 shi ne @. Harafin A can C1 ne, a nan 41. Saboda haka na biyun da ka ja da binary shi ne mai lafiya, idon laftof ɗinka ne bai iya karanta shi ba. Na farkon da ya yi maka kyau a ido, shi ne ya lalace.

Ina mai tabbatar maka kuɗin nan COMP-3 ne, wato lamba biyu ake cusawa a bayit ɗaya, rabin bayit na ƙarshe kuma ya ɗauki alama: C riba, D bashi, F babu alama. Ɗauki bashin 1,250.50 a gurbi mai PIC S9(7)V99 COMP-3. Bayit biyar ne: 00 01 25 05 0D. To FTP bai san kuɗi ba ne, shi haruffa yake gani. 0D a wurinsa umarnin komawa farkon layi ne, 25 kuma a wasu teburan fassara sauka layi ne. Ka ga inda layukanka suka karye. Kafin ka sake taɓa komai, je ka nemi kofibuk na shirin da ya rubuta kundin, wato bayanin da ke nuna yadda aka jera gurabe a kowane rikod. In babu shi, lalube kake a duhu.

Uwar_Biyu:
Ƙanena, ka gode wa Allah naka ya fito da tarkace. Tarkace ai ihu yake yi, kowa zai ji. Nawa shiru ya yi, kuma shi ya kusa cin aikina.

Ina wani banki a Ingila a lokacin, aka ba ni aikin daidaita wasu ƙananan caji. Wani ya riga ya sauke fayil ɗin a yanayin rubutu, ni kuma ban tambaya ba, na rubuta ɗan shirin Python na warware COMP-3 ɗin. Mafi yawan layuka suka ƙi, shirin ya jefar da su gefe, na ce gobe na duba. Waɗanda suka wuce kuwa na ɗauka lafiyarsu ƙalau. Ashe akwai cajin 400.00, wanda a kundin yake 00 00 40 00 0C. Fassara ta ga 40 ta ce sarari ne, ta mayar da shi 20, sararin ASCII. Sauran bayit ɗin ba su canza ba. Sai ya zama 00 00 20 00 0C, lamba ce ingantacciya, 200.00 cif. Babu kuskure, babu gargaɗi. Na kai rahoto da rabin kuɗi. Wata dattijuwa a sashen lissafi ce ta dube shi ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin wannan cajin a 200 ba. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Tun daga nan ba na karɓar fayil sai da abu biyu daga can gefen: yawan rikod, da jimillar gurbin kuɗi da aka haɗa a kan menfirem ɗin kansa. In nawa bai zo daidai da nasu ba har kwabo, ba na ci gaba.

Sabon_Shiga:
Anti wallahi jikina ya yi sanyi. Ni ma na ga wasu kuɗaɗe da suka fito kamar daidai, har na fara tunanin in yi aiki da su.

Baba_COBOL:
Kul! Goge shi ma gaba ɗaya kada ya ruɗe ka gobe.

Ni shawarata, kada ka wahalar da kanka a laftof. Ka gyara tun daga can. Ɗan aikin JCL (harshen tura aiki a menfirem) da DFSORT (shirin jera bayanai), a OUTREC ka ce gurbin nan PD ne, wato COMP-3, a fito da shi da EDIT a matsayin lambobi na gani, da ɗigon desimal da alamar bashi, ka sa waƙafi ko wata alama tsakanin gurabe. In kundin ya zama haruffa zalla, sai ka ja shi a yanayin rubutu hankali kwance. Shekara talatin haka nake yi.

Ɗan_Zango:
Baba, a yi mini afuwa, a nan kam ban bi ka ba. Hanyarka tana da kyau in kana da izinin tura JCL kuma kundin shimfiɗa ɗaya gare shi. Mu 'yan kwangila sau da yawa izinin karantawa kawai ake ba mu. Kuma na taɓa haɗuwa da kundi mai REDEFINES, wato shimfiɗar rikod daban-daban, har kala shida, bayit na farko ke faɗin wane irin rikod ne. Katin SORT ɗin da aka rubuta masa ya fi shirin Python ɗina tsawo. Ni binary nake ja, in yanka kowane rikod da tsawonsa, gurbin rubutu in fassara shi da teburin EBCDIC na cp037, gurbin kuɗi in warware da hannu. Asalin fayil ɗin yana nan ba a taɓa ba, in na yi kuskure in sake.

Amma inda na sha wuya shi ne VB, kundin da tsawon rikod ɗinsa ke bambanta. Sabon_Shiga, shiga ISPF 3.4, shafin jerin kundaye a menfirem, ka duba RECFM (irin rikod) da LRECL (tsawon rikod) na kundinka. In FB ne, wato duk rikod tsawonsu ɗaya, ka huta: girman fayil raba da LRECL ya ba ka yawan rikod, in ya bar saura to akwai matsala. In VB ne, kowane rikod da nasa tsawon, kuma tsawon yana cikin bayit huɗu da ke gabansa, RDW. FTP a binary cire su yake yi, ya manne rikod da rikod kamar tuwon da ya kwana, ba ka san inda ɗaya ya ƙare ba. Na yi kwana uku ina ƙoƙarin cinkar iyakoki, kafin wani ɗan Indiya da muke aiki tare ya leƙo ya ce in buga quote site rdw kafin get. Shi ke nan fa. Kuma ka lura, tsawon da ke ciki ya haɗa da bayit huɗun kansu: rikod mai bayit 100 za ka ga 00 68 00 00, wato 104. Na manta da wannan ma, ya ƙara cin mini rabin yini.

Baba_COBOL:
Na ji, Ɗan_Zango. Amma ranar da ka bar wurin, wa zai gaji shirin naka?

Ɗan_Zango:
Wanda zai gaji katin SORT ɗinka, Baba. Allah ya ja da kwana.

Bakatsiniyar_Jamus:
Ku bar faɗan nan ku ji nawa, domin ko haruffa zalla ne ba ka tsira ba. EBCDIC ba ɗaya ba ne. Amurka 037 suke amfani da shi, ɓangaren UNIX na z/OS 1047, mu a Jamus 273, akwai kuma 1140 da 1141 da aka ƙara wa alamar yuro. Satina na farko na ja jerin abokan ciniki da teburin 037, duk München ta koma M}nchen, kowane ä ya zama {. Na zauna ina maye gurbinsu ɗaya bayan ɗaya da hannu, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, alhali layi ɗaya ne maganin: a gaya wa FTP teburin da ya dace ta quote site sbdataconn.

Masu jan shirye-shiryen C ko REXX su ma su kula. Baka mai kusurwa, wato [ da ], wurinsu a 037 daban yake da na 1047. Shirin zai zo ya yi kyau, sai ka je haɗa shi ya ƙi.

Af, in kun ga lamba ta ƙare da harafi, kamar 1234N ko 1234E, ba lalacewa ba ce. Alamar riba ko bashi ce aka ɗora a kan lambar ƙarshe: E na nufin 5 na riba, N kuma 5 na bashi. Sifilin bashi yana fitowa }, a teburinmu na Jamus kuwa ü. Ranar da na fara ganin kuɗi ya ƙare da ü dariya na yi ni kaɗai a ofis.

Mai_Hercules:
Ni ba ma'aikaci ba ne, ɗalibi ne a Zariya, MVS 3.8j, kakan z/OS, nake wasa da shi a kan Hercules, shirin da ke kwaikwayon menfirem, a tsohon laftof ɗina. Abin da ya dame ni shi ne PDS, kundi mai 'ya'ya da yawa. Da IND$FILE ta x3270 nake ja ɗaya ɗaya, ga jinkiri, ga shi in wuta ta ɗauke a tsakiya sai a sake daga farko. Daga baya na gano fayilolin XMIT, irin waɗanda CBT Tape, ma'ajiyar shirye-shiryen menfirem na kyauta, ke rabawa: ana naɗe PDS ɗin gaba ɗaya ya zama kundi guda mai rikod 80. Kuskurena shi ne wajen mayarwa. Na tura shi ba tare da na tanadi kundi FB 80 ba, RECEIVE ya ce bai san wannan ba. Sau huɗu ina sake saukewa ina zargin intanet, datata ta ƙare a banza.

Baba_COBOL:
Madalla da kai yaro, kana Zariya kana koyon abin da 'yan nan ke gudu. FB, LRECL 80, BLKSIZE 3120, binary zuwa da dawowa. In kana shakka, buɗe fayil ɗin ka duba farkonsa da idon EBCDIC, za ka ga INMR01. In babu, an riga an fassara shi a hanya. Load module ma, wato shirin da aka riga aka haɗa, ta nan kawai nake yarda ya bi. Na AMATERSE kuma, shirin matse kundi, 1024 ne tsawonsa, kada ka haɗa su.

Uwar_Biyu:
Ƙarin abu biyu da suka taɓa ba ni kunya. Kundi irin na VSAM ba ya jawuwa kai tsaye da FTP, sai an yi REPRO da IDCAMS zuwa kundi na jere. Na yi awa guda ina zargin kalmar sirrina. Sannan in ka ga MIGRAT a wurin sunan faifai, kundin an kwashe shi zuwa ma'ajiya, watakila kan tef. Yi HRECALL ka je ka sha shayi ka dawo.

Ɗan_Zango:
Wurin da nake yanzu sun rufe FTP ɗungurungum saboda yana tura kalmar sirri a fili. Zowe muke amfani da shi, wanda ya fito a 2018, yana bi ta z/OSMF. Ya fi daɗi, umarni ɗaya ya sauke maka duk 'ya'yan PDS cikin folda. Sai dai kada sabon kaya ya ruɗe ka, in ba ka sa --binary ba shi ma fassarawa zai yi, ciwon Uwar_Biyu ya dawo. SFTP na OpenSSH kuma fayilolin UNIX kawai yake gani, sai ka fara kwafe kundin zuwa can.

Tsohon_Odita:
Duk kun yi maganar yadda za a ja, babu wanda ya tambayi yaron nan ko an ba shi izini a rubuce. Ɗana, bayanan biyan kuɗin inshora sunayen mutane ne da adireshinsu, watakila har da cututtukansu. Menfirem na rubuta wa ya buɗe wane kundi da ƙarfe nawa, a rajistarsa ta SMF. Na zauna a kwamitin da ya sallami wani yaro mai hazaƙa, ba don ya saci komai ba, don kawai ya sauke kundin gaske zuwa laftof ya tafi da shi gida ya ƙarasa aiki. Shugaban da ya ce masa ya yi da baki, ranar zaman cewa ya yi bai tuna ba. Ka sa naka ya aiko maka da imel, kuma ka tambaya ko akwai kwafin da aka rufe sunaye.

Bakatsiniyar_Jamus:
Gaskiya ne Alhaji. Kuma tunda Excel zai buɗe, kada ya danna fayil ɗin sau biyu kawai. Excel na cinye sifilin farko, lambar da ta wuce 15 kuma ya mayar da ƙarshenta sifili. Duk wanda ya taɓa liƙa lambar asusun banki ta gida mai farawa da 0 ya san zancen. Ya shigo da shi ta hanyar shigo da bayanai, ya ce gurbin lambar inshora rubutu ne. Layi kuma 1,048,576 ne iyakarsa, abin da ya haura a waje zai kwana.

Sabon_Shiga:
Na dawo jama'a, Allah ya saka da alheri. Na cire kunya na koma wurin shugabana, ashe shi ma bai san COMP-3 ne a ciki ba, ya haɗa ni da wata mata da ta shekara ashirin a wurin. Ta ba ni kofibuk, kundin FB ne, LRECL 250. Ta tura mini aikin SORT irin na Baba, ta cire sunaye da adireshi tun daga can, imel ɗin izini ma na karɓa, Alhaji. Yawan rikod ya zo daidai, jimilla ma ta zo daidai har santi.

Saura abu ɗaya. Wasu layukan sun fi wasu gajarta bayan saukewa, alhali FB ne. Na sake lalata wani abu ne?

Ɗan_Zango:
A'a, FTP ne ya datse sararin da ke ƙarshen layi, haka yake yi a yanayin rubutu. In gurbinka na ƙarshe babu komai a ciki, layin sai ya gajarce. Buga quote site trailingblanks kafin get, ka sake ja.

Sabon_Shiga:
Ya yi, Yaya. Duk sun zo tsawo ɗaya. Gobe kuma an ce akwai wani, wai VB ne.