Upgrade na rumbun bayanai: mu ce "hawan siga"

1/ 'Yan uwa masu kula da saba (server), mu tsayar da magana a kan kalmar upgrade. Yawancinmu "sabuntawa" muke cewa, don ita muka saba gani a waya. A ganina ba ta wadatar ba, saboda ta haɗe ayyuka biyu da ba su yi kama ba.

2/ Ku duba PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai. Tun daga siga (version) ta 10, a 2017, lambarta kashi biyu ce: babbar siga da ƙaramin gyara. Daga 16.3 zuwa 16.4 manhajar kawai za ka sauya, ka kashe sabar ka kunna, bayanai na nan yadda ka bar su. Wannan sabuntawa ce, babu gardama.

3/ Daga 16 zuwa 17 kuwa, wadda ta fito a Satumban 2024, tsarin ajiyar na ciki ne ke canzawa. Sabuwar sigar ba za ta ma tashi a kan tsohuwar ma'ajiya ba. Yawanci sai ka bi ta pg_upgrade, manhajar da ke mayar da tsohuwar ma'ajiya zuwa sabuwar siga, ko ka kwashe komai da pg_dump, manhajar kwafe bayanai, ka zuba a sabon wuri, sannan ka gwada duk manhajar da ta dogara da rumbun. 'Yan uwanmu na Nijar sun san Faransanci ya raba su: mise à jour daban, mise à niveau daban.

4/ An kawo "haɓakawa", amma wanda ya ji zai ɗauka ƙarfin kwamfutar aka ƙara. "Ɗaukakawa" ta fi dacewa da daraja da martaba. "Ƙaura" ta burge ni ƙwarai, sai dai tana da aikinta: barin MySQL, wata manhajar rumbun bayanai, a koma PostgreSQL, ko barin wannan na'ura a koma waccan.

5/ Shawarata ita ce "hawan siga". Tana da sauƙi a baki: mun hau 17, yaushe za ku hau? Ga kuma kishiyarta a shirye, "sauka", wadda ke tuna mana abin da aka fi mantawa. MySQL ba ta yarda a sauka daga 8.0 zuwa 5.7 ba. A PostgreSQL kuma, idan ka yi pg_upgrade da --link, zaɓin da ke sa sabuwar siga ta yi amfani da fayilolin tsohuwar maimakon kwafe su, ka kunna sabuwar, tsohuwar ta daina zama abin dogaro. Wanda bai ajiye kwafi ba kafin ya hau, ba shi da hanyar saukowa.

6/ Abin ya dame ni ne saboda hawan ba ya kaucuwa. Shekara 5 ake kula da kowace babbar siga ta PostgreSQL, kuma wa'adin siga ta 12 ya cika a Nuwamban 2024. In ka ce wa shugaban ofis "za mu sabunta", 'yan mintoci zai ba ka. In ka ce "za mu hau siga", zai tambayi daren da za a dakatar da aiki, kuma tambayar da ake so ya yi ke nan.

7/ Saura kalmar version. Na riƙe "siga" don ta riga ta yaɗu, amma malamanmu na Hausa, in kuna ganin "zubi" ta fi, ku kawo hujja a duba.