Masu zane ne suka ceci kangon Heidelberg, ko ƙarya suka shirga?

Mai Zane: Jama'a, ina nan kan bakata. Ba don masu zane ba, da yau babu fadar Heidelberg, wadda ke kan tudu a bakin kogin Neckar a Jamus. Sojojin Faransa sun cinna mata wuta a 1689, suka dawo a 1693 suka tarwatsa hasumiyoyinta da albarushi, tsawa kuma ta faɗo a 1764 ta ƙone abin da aka gyara. Sai mutanen gari suka mai da ita wurin ɗiban jan dutse suna gina gidajensu. Wa ya tsawatar? Wani Bafaranshe mai zane, Charles de Graimberg. Ya zo a 1810, ya tare a cikin kangon, ya zama maigadin da ba wanda ya ɗauke shi aiki, yana buga zanensa ana saye.

Malamin Tarihi: Gadin Graimberg na yarda da shi, ƙanena. Amma gadi daban, zane daban. Dubi babban zanen da Turner ɗan Ingila ya yi wajen 1844, wanda ke gidan adana zane-zane na Tate a Landan. Fadar tsaye take cik da rufinta, ana shagali a ƙasa, alhali shekara tamanin ke nan da tsawa ta gama da ita. Wannan ceto ne ko mafarki?

Mai Zane: Haba Malam! Ai ba hoton fasfo aka sa shi ɗauka ba.

Hajiyar Zariya: Malam, in mafarki laifi ne, to na farkon sun riga Turner. Zanen Jacques Fouquier na wajen 1620 ya nuna lambun fadar, Hortus Palatinus, hawa-hawa, komai tsaf. Lambun nan ba a taɓa gama shi ba. Friedrich na biyar, mai fadar da ya sa a yi lambun, ya tafi karɓar sarautar ƙasar Bohemiya a 1619, yaƙi ya biyo baya, aiki ya tsaya. Mai zanen fada ai maroƙi ne da buroshi, abin da sarki ke son gani shi yake nunawa.

Malamin Tarihi: To kin taya ni faɗa ke nan, Hajiya.

Hajiyar Zariya: A'a, ban gama ba. Na farko sun cika abin da bai cika ba don kambama sarki. Na ƙarni na 19, irin su Carl Rottmann da Carl Philipp Fohr, ragargajewar ce ta ɗauke musu hankali. Hasumiyar albarushin nan da ta tsage, ɓarinta guda ya zame cikin kwari ya kwanta, da ciyayi na bin bango, su aka riƙa zanawa. Ido ya saba har ya ga kyau a ciki.

Baba Magini: Ni magini ne, kyan tsagaggen bango ba ya shiga kaina. Mu nan ganuwa in ta zube, yaɓe take so. Me ya hana su sake ginawa, kuɗi ne babu?

Malamin Tarihi: Sun fara, Baba. Carl Schäfer ya gyara sashen Friedrichsbau daga 1897 zuwa 1900. Da aka zo kan sashen Ottheinrichsbau sai rigima ta ɓarke. Georg Dehio, masanin tarihin gine-gine, ya yi rubutu a 1901 yana cewa a kiyaye abin da ya rage, kada a ƙago sabo a kira shi tsoho. Ɓangarensa ya yi nasara. Ka ga masana ne suka yanke hukunci, ba masu buroshi ba.

Mai Zane: To su masanan, Malam, wa ya koya musu son kango? Shekara casa'in suna ganinsa a bangon ɗaki kafin Dehio ya ɗauki alƙalami.

Baba Magini: Ni dai ku faɗa mini, sashen da aka bari ba rufi, wa ke kula da shi in damina ta sauka?