Ɗana yana rubuta "goed" da "buyed", ta ina zan taimaka masa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana yana aji 4 na firamare. In aka ba su aikin gida na Turanci kan abin da ya riga ya wuce, sai ya rubuta goed, buyed, catched. Wani lokaci kuma ya bar kalmar yadda take: Yesterday I go to market. Na sa shi haddar jerin kalmomin aiki marasa ɗaukar -ed da ke bayan littafinsu, da safe ya iya, kafin magariba ya zube. Don Allah malamai, me zan yi masa a gida?

Malamar Turanci: Wa alaikumus salam. Maman yaro, kwantar da hankalinki, kurakuran nan biyu ne kuma asalinsu daban. Goed na nuna ya kama ƙa'idar ƙara -ed, kawai dai yana liƙa ta ko'ina ne. Shi kuwa I go na jiya, daga Hausa ya taho da shi. Mu wakilin suna ke ɗaukar lokaci: na ci, zan ci, nakan ci, amma "ci" yana nan yadda yake. Ki gwada masa wannan da Hausa, sannan ki nuna masa cewa a Turanci kalmar aikin ce da kanta take sauyawa.

Haddar tana zubewa ne saboda jerin bisa abacada aka tsara shi, begin na kusa da bite alhali ba abin da ya haɗa su a kunne. Ki kasa su gida-gida. Fara da waɗanda ba sa sauyawa: cut, put, hit, shut, let. Sai masu amo ɗaya: buy bought, bring brought, think thought, catch caught, teach taught. Mako na gaba know knew, grow grew, throw threw, fly flew. Sannan sleep slept, keep kept, sweep swept. Kalma 5 a mako, minti 10 a rana, ya wadatar. Ranar Asabar kada ki ƙara sabo, a maimaita na baya.

Wani malamin firamare: Ina tare da Malama, sai dai ni a ganina a fara da marasa dangi, don su yaro ke buƙata kullum: go went, eat ate, see saw, come came, do did, da was da were. Ba su da dabara sai yawan amfani. In ya dawo makaranta ki tambaye shi What did you eat? Idan ya ce I eated rice, kada ki ce "kuskure". Ki ce You ate rice? ya sake faɗa daidai. Yawan tsawa na sa yaro ya daina buɗe baki gaba ɗaya.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To na ukun fa, wato siga ta uku ta kalmar aiki, irin gone da eaten?

Malamar Turanci: Ki ajiye su tukuna, 'yar uwa. In aka haɗa da wuri ne ake samun I gone da I seen him. Sai went da saw sun zauna.

Abu uku za ki lura da su nan gaba. Da zarar ya iya went, zai fara cewa Did you went? Ki koya masa cewa did ta riga ta ɗauki lokacin, don haka kalmar ta koma go; haka ma I didn't go. In kuma ya iya sing sang da ring rang, zai iya ƙirƙiro brang, shi ya sa bring ke zama a gidan bought. Read kuma rubutunta ɗaya ne, amma ta jiya ana furta ta kamar red.

Ki yanka kwali gida 20, gaba go, baya went. Wanda ya ci sau 3 a jere ki ware shi gefe, ki dawo da shi bayan mako ɗaya, kuma kowane kati ya sa shi cikin jimla mai yesterday ko last week.