Mai shaida ya ce ƙarya ya yi, yayana kuma yana kurkuku

Maman Hanif: Assalamu alaikum. Don Allah masana shari'a ku taimaka. A 2022 Babbar Kotun jiharmu ta yanke wa yayana shekara 21 kan zargin fashi, bisa shaidar mutum ɗaya da ya ce ya gane fuskarsa cikin dare. Yanzu mutumin yana kwance ba lafiya, ya kira liman da mai unguwa ya ce biyansa aka yi, kuma wanda suke rikicin gona da Yaya ne ya biya shi. Innarmu ta ce mu koma wurin alƙalin. Zai sake shi?

Barista A.: Wa alaikumus salam, Hajiya. Alƙalin da ya yanke hukunci ba shi da ikon sake buɗe shari'ar, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara. Wa'adin ɗaukaka ƙara kwana 90 ne kuma ya wuce, don haka lauya zai fara neman ƙarin lokaci, sannan izinin gabatar da sabuwar hujja. Abin da ya fi gaggawa shi ne maganar mutumin ta shiga takardar rantsuwa tun yana da rai da hankalinsa. Abin da ya faɗa gaban liman kaɗai ba zai wadatar ba, domin kotu tana ɗari-ɗari da wanda ya canza magana. Ku nemo abin da zai ƙarfafa ta: wa ya kai kuɗin, nawa ne, gaban wa. Idan babu halin ɗaukar lauya, ku je ofishin Legal Aid Council (hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya) na jiharku, kyauta ne.

Ɗan Tsakuwa: Ku sani mai shaidar yana iya tsorata ya janye, don a dokar Penal Code shaidar zur a kotu tana iya kai mutum ɗaurin shekara 14. Kada kowa a gidanku ya ba shi ko sisi, ko da na magani ne. Za a ce ku ma sayensa kuka yi.

Malam Sani: Ga kuma afuwar gwamna, sashe na 212 na tsarin mulkin 1999. Wani lokaci ta fi sauri.

Maman Hanif: Na gode, Malam, amma Yaya ya ce ba zai roƙi yafiyar laifin da bai aikata ba, 'ya'yansa za su tashi ana kiransu 'ya'yan ɗan fashi. Barista, mutumin ba ya iya tashi. Ana iya zuwa gida a rantsar da shi?

Barista A.: Ana iya shirya hakan. Ku ga lauya cikin makon nan, ku tafi da kwafin hukuncin.