"In ban tsaya wa kaina ba, wa zai tsaya mini?"

Bashir: Assalamu alaikum. Wannan zance ya taso a rigimar da muka yi a gida kan kuɗin makarantar marayun ƙanenmu. Yayanmu ya ce iyalinsa ne a gaba, ya kafa hujja da maganar Hillel, malamin Yahudawa da ya rayu a Ƙudus zamanin sarki Hirudus: "In ban tsaya wa kaina ba, wa zai tsaya mini?" Shin maganar ta ba shi gaskiya?

Malama Hadiza: Malam Bashir, yayanku ya tsinke zancen a tsakiya. A cikin Pirkei Avot, wani sashe na Mishna, kundin koyarwar malaman Yahudawa da aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, Hillel ya ci gaba da cewa: "In kuwa kaina kaɗai na tsaya wa, mene ne ni? In ba yanzu ba, sai yaushe?" Jimla ta biyu ce ke ɗaure ta farko.

Garba: Duk da haka, da ta farko ya fara, kuma mu ma mun ce so duka so ne, amma son kai ya fi. Wanda bai ciyar da gidansa ba, da me zai riƙe maraya?

Hajiya Rabi: Kakata ba ta taɓa jin sunan Hillel ba, amma in an yi girbi a gonarta, hana jikoki take yi su koma tsince zangarniyar geron da ta zube, domin a wurinta kala haƙƙin zawarawa da marayun ƙauye ne. Wata shekara damina ta yi gardama, kawunmu ya sa aka kwashe komai. Da ta ji, sai ta sa aka ɗebo daga rumbu aka kai gidajen matan da dare, don kada su ji kunyar karɓa. Attaura ma ta umarci manomi ya bar gefen gonarsa da kala ga matalauci da baƙo.

Malama Hadiza: Allah ya jiƙanta, Hajiya. Abin da ta yi ya dace da tsarin Musa bin Maimun, wani malamin Yahudawa wanda ya rasu a Masar a 1204. Ya kasa sadaka mataki takwas, ya ɗaukaka bayarwa a ɓoye, amma mafi girma a wurinsa shi ne a ba mutum rance, ko jari, ko aiki, har ya daina buƙata.

Garba: To ku faɗa wa masu raba shinkafa gaban kyamara ranar da zaɓe ya matso, alhali albashin ma'aikatansu yana maƙale, kuma Attaura ta hana lada na ɗan ƙodago ya kwana a hannun mai aiki.

Bashir: Na gode, sai dai har yanzu ban san iyakar da mutum zai ce ya gama da kansa ya juyo ga marayu ba, kuma makaranta za ta koma mako mai zuwa.