Neman shawara: waƙar barkwanci a kan mulkin Jacob Zuma

Ɗalibin Waƙa:

Assalamu alaikum malamai. Ina so in tsara rubutacciyar waƙa ta raha a kan tsohon shugaban Afirka ta Kudu, Jacob Zuma, wadda za ta taɓo abin da ya bari da kuma badaƙalolin zamaninsa, daga 2009 zuwa 2018. Abu uku nake neman haske a kansu: wane kari ne ya fi ɗaukar barkwanci, waɗanne batutuwa zan zaɓa tunda suna da yawa, kuma ina iyakar da zambo yake komawa ƙazafi? Allah ya ƙara basira.

Mai Alƙalami:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Fara da zaɓen batu, domin shi ne ginshiƙi. Kada ka kwaso komai da komai. Waƙar raha tana son abin da ido zai gani, kuma a duk tarihin mutumin nan babu abin da ya kai gidansa na Nkandla, a lardin KwaZulu-Natal, cika wannan sharaɗi.

An kashe kimanin rand miliyan 246 na gwamnati a gidan da sunan inganta tsaro. A watan Maris na 2014 Thuli Madonsela, mai binciken koke-koken jama'a ta ƙasar, ta fitar da rahoto cewa abubuwa biyar ba su da alaƙa da tsaro: wurin ninƙaya, da dandalin taro, da masaukin baƙi, da shingen shanu, da akurkin kaji. A 2015 ministan 'yan sanda Nathi Nhleko ya kare aikin, ya ce ruwan wurin ninƙayar tanadi ne na kashe gobara, shinge da akurkin kuma don kada dabbobi su riƙa tayar da na'urorin tsaro ne. Ranar 31 ga Maris 2016 Kotun Tsarin Mulki ta yanke cewa Zuma ya saɓa wa tsarin mulki da ya ƙi bin umarnin rahoton, daga baya ya mayar da rand miliyan 7.8.

Ka ga ba sai ka ƙirƙiro abin dariya ba. Uzurin da aka bayar shi ne abin dariyar, naka kawai ka jera shi yadda aka faɗe shi. Sannan ga kyautar da Hausa ta ba ka wadda mawaƙin Zulu ko na Turanci ba shi da ita: sunan mutumin. Muna cewa zuma sai da wuta, muna cewa ga zaƙi ga harbi. Mutum mai suna Zuma da tafkin kashe wuta a gidansa, ai rabin waƙar ta rubuta kanta.

Bayan Nkandla ka ƙara biyu kawai. Na farko, jirgin iyalan Gupta, 'yan kasuwa makusantan Zuma, da ya sauke 'yan biki a sansanin sojan sama na Waterkloof a Afrilun 2013. Na biyu, Disambar 2015, lokacin da ya cire Nhlanhla Nene daga ministan kuɗi, ya naɗa Des van Rooyen, bayan kwana huɗu ya sauya shi da Pravin Gordhan. Ministan kuɗi uku cikin mako guda. Baiti uku ko huɗu ga kowane batu ya isa, waƙar duka kada ta wuce baiti 20 zuwa 25. In ta zarce haka dariyar tana sanyi.

Ma'aunin Baiti:

Malam Mai Alƙalami ya gama da batu, bari in ɗauki kari. Shawarata karin Mutaƙarab, ƙwar biyu, wato ɗango (layi) biyu a kowane baiti. Ƙafarsa fa'uulun ce, wato gaɓa marar nauyi ɗaya sai masu nauyi biyu (v – –). Ƙafa uku cikakku da guntuwa ɗaya (v –) a kowane ɗango. Yana da tafiyar sassarfa, kuma ƙwar biyu tana ba ka abin da raha ke buƙata: ɗango na farko ya ɗana tarko, na biyu ya fyaɗe. A ƙwar biyar sai ka cika ɗango uku da surutu kafin ka iso wurin dariyar.

Tunda sunan yana ƙarewa da "ma", ka mai da shi amsa-amonka. Ga gwaji:

A da can wuta ce mabuɗin zuma,
A yau an yi tafkin kashe ta, Zuma.

Akurki na kaji tsaro ne kuma,
Da shinge na shanu, kuɗi can sama.

Yanka ɗango na uku ka gani: a-kur-kii / na-kaa-jii / tsa-roo-nee / ku-ma. Kowace ƙafa ta zauna daram. A ɗango na biyu ƙafa ta uku ita ce ka-shee-ta, ta ƙare da gaɓa marar nauyi. Wannan zihafi ne, wato ɗan sauyi a ƙafa, da aruli (ilimin auna waƙa) ya yarda da shi, kunne ba ya jin sa a matsayin karaya.

Inda ake faɗuwa shi ne rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali, sai mutum ya riƙa ƙirga gaɓoɓi da ido. Misali, da ka rufe ɗango na huɗu da "kuɗin al'umma", ma'ana ta yi kyau, amsa-amo ya yi daidai, yawan gaɓoɓi ma bai canza ba, amma kari ya karye, domin "um" gaɓa ce mai nauyi a gurbin marar nauyi. Haka kalmar "gobara": goo-ba-raa ce, nauyi, sauƙi, nauyi, ba za ta buɗe ƙafar Mutaƙarab ba, shi ya sa na ɗauki "wuta". Maganin wannan shi ne ka rera kowane ɗango da murya kana buga yatsa a tebur. Duk inda harshenka ya ja wasalin da ba a ja a magana, ko ya haɗiye wanda ake ja, a nan ɓarakar take.

Alƙaluma kuwa ka bar su a waje. "Miliyan ɗari biyu da arba'in da shida" ba ta shiga kowane kari ba tare da an murɗe ta ba. Ka sa adadin a 'yar gabatarwa ta layi biyu a saman waƙar, cikin baitoci kuma ka bar kaji da shanu su yi magana. Kuma kalmomin "ma" masu gajeren wasali a gaba ba su da yawa: kuma, sama, gama, jima, tsuma, ƙuma. Ka jera su a takarda tun kafin ka fara, ka san yawan harsashin da ke hannunka. In ba za su kai ba, ka bar "ma" ga ɗango na biyu na kowane baiti kawai, na farko ya tafi sake.

Uwar Ɗakin Karatu:

Ina da ƙari a kan tambaya ta uku, kuma a nan nake roƙon ka yi taka-tsantsan, ƙanena. Ka raba abubuwan gida uku. Akwai wanda kotu ta tabbatar: Nkandla, da ɗaurin wata 15 da aka yanke masa a Yunin 2021 saboda raina kotu, bayan ya ƙi bayyana gaban kwamitin binciken cin hanci na mai shari'a Zondo. Wannan ka faɗe shi kai tsaye da sunansa, zambo ne halastacce. Akwai wanda yake tuhuma ce, kamar shari'ar cinikin makamai na 1999 da aka daɗe ana ja. A nan habaici ya dace, ko ka sa "an ce" da "ana tuhuma" a cikin ɗangon kansa, ba a ƙasan shafi ba. Sai na uku, wanda kotu ta wanke shi, wato shari'ar fyaɗe ta 2006. Ka bar ta gaba ɗaya. Akwai mace a cikin labarin, kuma babu baitin da zai taɓa shi bai taɓa ta ba. Ka sani kuma mutumin yana kai ƙara: ya maka mai zanen barkwanci Zapiro a kotu, sai a 2012 ya janye.

Haka tarzomar Yulin 2021 da ta biyo bayan ɗaure shi, wadda ta ci rayuka fiye da 300. Ba wurin raha ba ne. In za ka ambace ta, ka sauke murya a baiti ɗaya ka wuce.

Ban goyi bayan a yi masa dariya a kan rashin zurfin karatun boko, ko yawan matansa, ko ƙabilarsa ba. Waɗannan ba laifin ofis ba ne, kuma duk mai sauraron da ya ga kansa a cikinsu ka rasa shi.

Mai Alƙalami:

Gaskiya ne Malama. Abu ɗaya zan ƙara, tunda ya ce har da abin da mutumin ya bari. Waƙar da ba ta da yabo ko ɗaya tana zama zagi, mai sauraro kuma yana daina yarda da kai tun baiti na biyar. Zuma ya yi shekara goma a kurkukun tsibirin Robben saboda yaƙi da wariyar launin fata. A zamaninsa aka faɗaɗa rabon magungunan cutar ƙanjamau ƙwarai bayan jan ƙafar gwamnatin tsohon shugaba Thabo Mbeki, kuma a zamaninsa ƙasar ta shiga ƙungiyar BRICS tare da Brazil, Rasha, Indiya da China. Ka buɗe da waɗannan, baiti uku na zuga ta gaskiya, ka ɗaga shi sama sosai. Wannan shi ne zaƙin. Harbin ya fara daga baiti na huɗu, ka rufe da daren 14 ga Fabrairu 2018 da ya yi murabus bayan jam'iyyarsa ta ANC ta juya masa baya.

Ɗalibin Waƙa:

Na gode ƙwarai malamai, Allah ya saka da alheri. Malam Ma'aunin Baiti, sunan "Nkandla" fa, yaya zan shigar da shi a kari?

Ma'aunin Baiti:

Bakin Bahaushe zai furta shi In-kan-da-la: masu nauyi biyu, marasa nauyi biyu. Ka sa gaɓa marar nauyi a gabansa, kamar "a" ko "na", ka ajiye shi a ƙarshen ɗango: a-in-kan / da-la. Ƙafa ta uku da guntuwar ƙarshe ke nan cif. Sai dai ya ƙare da "la", don haka gurbinsa ɗangon farko na baiti, inda ka saki amsa-amo.