Gane furannin damina a bakin Binuwai: abin da aka ce a majalisa

Jiya bayan la'asar a garin Garwa na ƙasar Kamaru hira ta kai mu kan furannin da ke fitowa a bakin kogin Binuwai da cikin daji daga Yuli zuwa Satumba. Ga abin da na tsinta.

Wani baba masunci ya ce sammako shi ne kan gaba. Farin furen bado da dare yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe. Duman rafi ma, mai malala kan yashi da fure ruwan shuni, da safe ya fi kyau, amma makiyayan cikinmu sun ce a tsare tumaki daga ganyensa.

An fi daɗewa kan tafasa da rai-ɗore, don duka furensu rawaya ne, yara kan ruɗe. Dattawa suka ce a bar fure, a dubi ganye. Na tafasa guda 6 ne a kara ɗaya, bakinsu a zagaye. Na rai-ɗore masu tsini ne, in ka murza sai wari ya buge ka. Ni kam wannan ta fi burge ni, na gwada da safen nan, haka ne.

Ƙuduji kuwa, kyan furensa kada ya ruɗe ka, jijiyar dawa yake tsotsa. A tuge shi kafin ya zuba iri. Tumfafiya a kalla daga nesa, nononta na ɓata ido.

Kuma a sa takalmi rufaffe, ciyawa ta yi tsawo, akwai macizai.